Jakar Rataya a Ranar Biki: Sharhi a Kan Aikin Dukawanmu

Gabatarwa

Duk shekarar da aka ce za a yi bikin kamun kifi na Argungu, mutanen ƙasar Tambuwal da ta Kebbe ba su yarda a bar su a baya. Daga Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, har zuwa Kuchi da Margai, akan sami masu shirin tafiya, wasu don su, wasu don ciniki, amma mafi yawa don kallo. Wannan zumunci yana da tarihi. A ƙarni na 19 Tambuwal ribaɗi ce a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu, tana fuskantar Kabawa, kuma ba a daina kallon juna da ido ɗaya tsakanin Sakkwato da Argungu ba sai da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a 1934, aka shirya masa su don girmamawa. Daga nan bikin ya samo asalin sigarsa ta yanzu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, sa'an nan a 2020 aka farfaɗo da shi bayan ya yi kusan shekara goma a kwance.

To, abin da wannan maƙala za ta duba ƙaramin abu ne a ido, watau jakar da ɗan kallo zai rataya ya wuni da ita cikin taro irin wannan. Wani zai ce, ina ruwan mujallar adabi da jaka? Amsa ita ce, dukanci yana daga cikin manyan sana'o'in Bahaushe da muke nazari a aji, kuma yadda ake yi wa waƙa tarke a ga inda ta tsaya da inda ta karye, haka ya kamata a yi wa aikin baduku. Ra'ayina a taƙaice shi ne, jakar fata da ake baje wa 'yan kallo a rumfunan biki a yau ta fi ta da kyau a fuska, amma ta kasa ta a wajen aiki, kuma wannan kasawa ce ta miƙa kasuwar dukawa ga jakunkunan kamfani. Zan yi ƙoƙari in kawo dalilaina.

Ma'aunin da Za Mu Yi Awo da Shi

Kafin a yanke wa abu hukunci sai an san aikin da aka yi shi dominsa. Bari mu dubi wunin ɗan kallo. Ya baro gida da asuba, ya matsu cikin mota, ya sauka ya shiga turmutsutsu a bakin Matan Fada. Rana tana dukansa, ƙura tana tashi. Zai hau tudu ya sauko, zai riƙe hannun ƙanensa kada ya ɓace, zai sayi ruwa ya sha, zai yi alwala, zai ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto, idan gwanin kokawarsa ya yi kaye zai tafa. Duk waɗannan aikin hannu ne. Ga shi kuma yana ɗauke da kuɗi da waya da abin cajinta da katin banki da katin shaida, wataƙila da goro ko magani. Kuma duk inda taro ya cika, 'yan sane ba su rasa zuwa nasu cin kasuwar.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, tun da aka buɗe filin shaƙatawa na Disneyland a 1955, iyalai suke wuni a irin waɗannan wurare suna hawa lilo da jiragen wasa masu juya mutum sama da ƙasa, don haka kamfanonin jaka na can suka mai da hankali ga jakar da za ta manne a jiki, hannu ya huta. Mu namu filin shaƙatawar shi ne bakin kogin Argungu, da filin hawan salla, da Gidan Zu na Audu Bako a Kano ranar yawon salla, da babbar kasuwar mako.

Saboda haka ma'aunina huɗu ne. Na farko, jaka ta saki hannuwa biyu. Na biyu, bakinta ya kasance a inda idon mai ita ko hannunsa yake, kuma ya yi wa baƙon hannu wuyar buɗewa. Na uku, maratayinta ya jure nauyi da fizga, kada kuma ya ci kafaɗa. Na huɗu, ta ɗauki kayan da mutumin yau yake yawo da su. Ado yana zuwa ne bayan waɗannan.

Wanda ya fi kowa cika wannan ma'auni a Argungu shi ne masuncin da muka je kallo. Yana faɗawa ruwa da homa a hannun dama da homa a hannun hagu, ga ƙaton goransa a tare da shi. Goran nan shi ne abin da yake hawa ya yi iyo, shi ne kuma ma'ajin kifin da ya kama, yana da baki ɗaya a sama daidai shigar hannu. Babu zane a jikinsa, babu tuntu, amma babu abin da za a rage ko a ƙara masa. A ganina duk badukun da zai ɗinka jakar biki, ya kamata ya fara tsayawa ya ƙare wa goran masunci kallo.

Jakunkunan Kakanninmu

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa rataya kaya ba. Harshen kansa shaida ne, domin duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da sunayen jaka iri iri, kowace da aikinta. Mu a ƙasar Sakkwato jikka muke cewa. Kalmar ta shiga har cikin lissafin kuɗi, inda jaka guda take nufin fam 100, daga baya ta koma naira 200.

Akwai gafaka, jakar malami da almajiri, wadda ake sa Alƙur'ani ko littattafai. An yanka ta daidai girman takardun da za ta ɗauka, ba ta barin su su yi ta kai da kawowa, tana da marufi mai saukowa ya rufe fuskarta duka, ga maratayi mai kauri. Da ita malami yake ƙetare daji, sanda a hannu ɗaya, buta a ɗayan. Akwai zabira ta wanzami, mai aljihuna da yawa, aska a nata wuri, ƙaho a nasa, garin magani a nasa, har wanzami yakan zura hannu ya ɗauko abin da yake so ba tare da ya duba ba. Akwai burgami na maharbi da matafiyi, wanda ake yi da fatar akuya sukutum, a zuge bakinsa da igiya. Akwai lalita, 'yar siririyar jakar kuɗi da ake ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin tufa, wadda fatake da mata 'yan kasuwa suka daɗe suna amfani da ita. Salka ta ruwa ce, taiki da mangala na jaki ne, sanho kuwa saƙar kaba ce.

Maƙwabtanmu Buzaye suna da wata 'yar jaka da suke ratayawa a wuya, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Gida biyu ce, na ciki mai aljihuna, da na waje wanda yake zamewa a kan igiyar ratayar ya sauko ya rufe na cikin kamar kube. Idan mai ita yana son kuɗi sai ya ja kuben sama, idan ya saki, nauyin jakar da kansa ya mai da ita rufe. Ba ƙarfe, ba maɓalli, amma ɗan sane ba shi da ta inda zai zura yatsa. Wannan hikima ce ta wanda ya san kasuwa.

Kada kuma mu manta da aljihun babbar riga. Shi ma jaka ce, an ɗinke ta a ƙirji, a gaban idon mai ita. Abin lura a nan shi ne, a kan aljihun nan da wuyan riga ne maɗinki yake zuba aikinsa, ko aska biyu ko aska takwas. Watau ado ya sauka a daidai wurin da hannu yake yawan shiga da fita, inda yadi yake bukatar ƙarin ƙarfi. A fahimtata wannan ita ce ƙa'idar tsohon aikin hannu na Hausa: ado da ƙarfi wuri guda suke zama.

Fatar da ake wannan aiki da ita kuwa ba ta da ta biyu. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ake kiwon irinta har Maraɗi, ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko suna yi wa littattafai bango da ita. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan toka ya tuje gashin, ya jeme ta da bagaruwa, ya shafe ta da mai ya murza har ta yi laushi. Ja daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kuloko. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma bi ta Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853, ya ambaci takalma da jan fata cikin hajar da Kano take fitarwa, har ya ware tuƙaƙƙiyar igiyar fata ya ce sananniyar haja ce ta birnin. Mai karatu ya riƙe wannan: igiya, watau maratayi, tana cikin abin da muka yi suna da shi.

Jakunkunan Kamfani

Yanzu bari mu auna abin da ɗan kallo yake riƙewa a yau. Mafi yawa leda ce. Ba ta da tsada, amma ta faɗi tun a ma'auni na farko, domin ta kama hannu ɗaya ta riƙe har magariba, ga ta da saurin yagewa, sa'an nan idan taro ya watse ita ce take rufe fili, dabbobi su ci su kumbura. Babbar jakar nan mai ratsi ratsi da ake kira Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta daga korar baƙi ta 1983, ta tafiya ce, ba ta wunin kallo ba.

Sai jakar goyo, wadda ɗalibai suka fi so. Gaskiya ta saki hannuwa, kuma ta raba nauyi a kafaɗu biyu. Aibinta shi ne bakinta yana bayan mai ita, inda ba shi da ido. A cikin matsi mutum ba ya bambanta turin jama'a da hannun da yake zuge masa zif, shi ya sa za ka ga masu wayo sun juyo da ita gaba sun rungume kamar jariri, wanda hakan ya nuna ba don taro aka yi ta ba. Ban da haka tana jiƙa baya da gumi a zafin Argungu, ba ta zama a kan babbar riga, kuma macen da take da goyo ba ta da bayan da za ta ba ta.

Jakar ƙugu ta fi ta dacewa. Lalita ce aka sake wa tufa, aka sa mata zif da maɗaurin roba. Alhazanmu sun san amfaninta, domin mai harami ba shi da aljihu, ɗamarar nan ita ce bankinsa a wajen ɗawafi da jifa. Ƙarancinta shi ne ba ta ɗaukar abu mai yawa, kuma wanda ya sa doguwar riga sai ya yi ta ɗage ta a gaban mutane kafin ya biya kuɗin ruwa.

Wadda ta fi cika ma'auni ita ce 'yar jakar da ake ratayawa a karkace, maratayi ya bi ta kafaɗa ɗaya ya ratsa ƙirji, jakar ta zauna a gaba ko a ƙarƙashin hammata, kamar yadda barde yake rataya takobi da hamila. Ba a fizge ta sai an ja mutum gaba ɗaya, bakinta yana ƙarƙashin hannu, tana shiga ƙarƙashin hijabi ko babbar riga ta ɓace. Samari masu sana'ar cirar kuɗi da 'yan acaba da masu sayar da katin waya duk sun gano wannan. To abin tambaya, mene ne wannan in ba gafaka ba? Siffar tamu ce tun kaka da kakanni, amma wadda take kafaɗar samarinmu a yau ta roba ce, an yo ta daga Sin, zif ɗinta yakan mutu kafin shekara ta zagayo, fatar bogin da aka lulluɓe ta da ita takan soma saɓulewa da zarar ta sha rana. Duk da haka ita ake saye. Laifin wa?

Inda Jakar Baje Koli Ta Kauce

Na tsaya a rumfunan masu kayan fata a wajen biki, na kuma duba irin waɗanda ake kawowa jami'a lokacin makon al'adu, na juya su ciki da waje. Ba ina nufin kowane baduku ba, domin har yanzu akwai masu aikin gaskiya a Sakkwato da Kano da garuruwanmu. Ina magana ne a kan irin jakar da ta fi yawa a rumfa, wadda na kira jakar baje koli.

Daga nesa tana da kyau ƙwarai. An yi mata dagi a tsakiya, an zagaye shi da ja da kore da ɗorawa, ga tuntaye suna lilo a gindi. Amma ka kama maratayin. Za ka tarar siririn zirin fata ne falle ɗaya, wani lokaci ma daga gefen ciki aka yanko shi, inda fata ta fi rauni da saurin miƙewa. An kafa shi a jikin jakar da ɗinki uku ko huɗu, a leɓen sama. Tsohuwar gafaka kuwa maratayinta tuƙaƙƙe ne ko kitsattse, kuma yakan shiga jikin jakar sosai, yadda nauyi ba zai taru a wuri guda ba. Jakar da maratayinta ya tsinke a tsakiyar taro ta zama kaya, ta koma hannun da aka saye ta don a hutar.

Ka duba baki. Marufin gajere ne, an rage shi don kada ya rufe adon fuska. Maɓallin ɗan ƙulli ne da aka sa don kyau, madaukinsa ya fi shi faɗi. Idan mutum ya sunkuya zai yi alwala, sai kaya su zubo. A nan an sayar da tsaro an sayi ado.

Ka leƙa ciki. Sau da yawa kwali ne aka manna wa fata da gam don jakar ta tsaya ƙyam a kan tebur ta ja ido. Ranar da gumi ko ruwa ya taɓa ta, kwalin ya jiƙe, ta lanƙwashe, ba ta sake miƙewa. Aljihu ɗaya ne tal, makulli da waya da canji duk a haɗe, makulli yana karce fuskar waya. Ina hikimar zabira ta tafi? Wani abin mamaki, wasu ba su ma ɗaukar wayar zamani, an yanka su a kan awon da aka gada ba a sake aunawa ba.

Sai launi da jima. A maimakon karan dafi da kuloko, wasu fentin kanti suke shafawa a sama. Wanda ya rataya irin wannan a kan farar shadda ranar zafi, zai koma gida da jan zane a ƙirji. Wata kuma ba ta jemu ba, an gaggauta fitar da ita daga ruwan bagaruwa, da damina ta kama sai wari.

Idan muka tara waɗannan, za mu ga cuta ɗaya ce. An daina ɗinka jakar don mai rataya, an koma ɗinka ta don mai kallo. Baƙo ne zai saya ya kai gida ya rataye a bango, ko a miƙa wa babban baƙo a wajen taro a ɗauki hoto. Tun da ba wanda zai dawo ya ce maratayi ya tsinke, sai hannun baduku ya saba da sakaci a wuraren da ido ba ya kaiwa. Mu ɗaliban adabi mun san irin wannan a waƙa: amsa-amo ya zauna daram, kalmomi suna ƙyalli, amma ka nemi jigo ka rasa. Ba mu yarda mu kira wannan gwaninta a waƙa, bai kamata mu kira shi gwaninta a fata ba.

Uzurin Baduku

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Baduku zai ce fata ta yi tsada, kuma gaskiyarsa. Mafi kyawun fatun awaki da tumaki manyan kamfanonin jima na Kano suke kwashewa, a Challawa da Sharaɗa da Bompai, su sarrafa su a fitar zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen, inda ake mai da su takalma da jakunkuna masu tsadar gaske. Fatar shanu kuma ganda ta cinye kaso mai yawa. Abin da ya rage wa baduku na gargajiya sau da yawa shi ne wanda aka tsame aka bari. Zai kuma ce kitsa maratayi yana cin wuni guda, mai saye kuwa ba zai biya ladan wunin ba, zai ce ta roba ta fi araha.

Na karɓi wannan uzuri rabi. Baduku ba zai iya karawa da injin Sin a wajen araha ba, ko ya kwana yana ɗinki. Filin da zai iya cin nasara shi ne ƙarko. Takalmin fata da sirdi da linzami da kube har gobe ana kai wa dukawa aikinsu, saboda masu dawaki sun san bambanci, kuma suna dawowa su yi ƙorafi idan aiki ya ɓaci. Wannan ya nuna hannun bai mutu ba, mai ƙorafi ne jaka ta rasa. Idan kuwa baduku ya bar ƙarko ya bi araha, ya bar abin da ya fi kowa iyawa ya shiga gasar da ba zai ci ba.

Ragowar laifin yana wuyan masu saye, musamman 'yan boko masu kukan al'ada tana mutuwa. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, za ka ga ɗalibi ya rataya gafaka wadda ba kome a cikinta, ya hau dandamali ya yi jawabi a kan kishin gargajiya, ya sauko ya cusa ta cikin jakar goyonsa ta roba. Sana'a ba ta rayuwa da rana ɗaya a shekara. Abin da aka mai da shi kayan wasan kwaikwayo, to a hankali maƙerinsa zai riƙa yin sa daidai wasan kwaikwayo.

Shawara ga Mai Saye da Mai Ɗinki

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da niyyar zuwa biki ko hawan salla, ya nemi jakarsa tun da sauran kwanaki, kuma ya fi kyau ya je wurin baduku ya ba da aiki a kan ya saya a rumfa. Ya tafi da wayarsa a auna. Ya ce a yi masa maratayi mai faɗin yatsa biyu, ninki biyu ko kitsattse, mai tsawon da zai ratsa ƙirji, a zagaya da shi ta ƙarƙashin jakar ko a kafa shi da ɗinki mai yawa. Marufi ya sauko har gindi. A raba cikin gida biyu ko uku, a yi wani ɓoyayyen aljihu a bayan da yake manne da jiki don kuɗi da kati. Idan ana son zif, a sa mai kyau a ƙarƙashin marufi, babu abin kunya a ciki, domin idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Wanda kuma ya ga wadda aka riga aka ɗinka, ya gwada ta kafin ya biya. Ya ja maratayin da ƙarfi ya dubi ɗinkin. Ya sa kaya ya kife ta ya ga ko za su zubo. Ya goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jikinta ya ga ko launi zai fita. Ya shinshina. Ya matsa gefenta, idan ya ji ƙarar kwali ya ajiye. Baduku na ƙwarai ba ya jin haushin wannan gwaji, daɗi ma yake ji an san darajar aikinsa. Kuma ranar biki kada a cika ta da tarkace, a raba kuɗi gida biyu, na kashewa a jaka, na mota a lalita ko aljihun ciki.

Ga dukawa kuwa, roƙona shi ne su koma ga ƙa'idar aljihun babbar riga. Ba na ce a daina ado ba, jakar Bahaushe ba ta kyau da fuska fayau. A sa adon a inda zai ƙara ƙarfi: a kitson maratayi, a dajiyar baki, a kusurwoyin da suke saurin cinyewa. Cibiyar nazarin fata da take Samaru ta Zariya da sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu suna iya taimakawa, ta wajen tattara tsofaffin gafakoki da zabiru a auna su, a rubuta sunayen sassansu da yadda ake ɗinka su daga bakin tsofaffin dukawa tun suna raye. Wannan aiki ne da ɗalibin da yake neman batun kundin digiri zai iya ɗauka a garinsu, ko Tambuwal ko Kebbe, ba sai ya je nesa ba.

Kammalawa

A cikin wannan sharhi na auna jakar biki da ma'auni huɗu, na nuna cewa siffar da ta fi dacewa da taro ita ce ta gafaka, wadda kamfanonin waje suke sayar mana da kwaikwayonta a yau. Na kuma nuna cewa jakar fata ta rumfa ta faɗi ne a maratayi da baki da ciki, watau wuraren da kakanninmu suka fi ba ƙarfi. Muna da fatar, muna da bagaruwar, muna da masu hannun. Abin da ya rage shi ne mai saye ya riƙa rataya jakar yana aiki da ita, ya kuma koma wurin baduku ya faɗa masa inda ta gaza. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga gidajen dukanci da jima, za su ɗauki alƙalami su yi mini raddi ko ƙari a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.